RA'AYI: Darasi na tara da ke yanke wa yaran Tumfure hukunci tun kafin ranar JAMB

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman karanta fannonin adabi da harsuna a jami'a. Maganar ta tayar da ƙura, har sai da ma'aikatar ta sake fitowa ta bayyana cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafi da ta Turanci a ƙarshen sakandare. An kwashe makonni ana ja-in-ja a kan yaron da lissafi ya gagara. Wanda ba a waiwaya ba shi ne yaron da lissafi bai gagara ba, wanda kansa zai ɗauki fiye da abin da ake ba shi, amma makarantarsa ba ta da abin da za ta ƙara masa.

Tumfure wuri ne mai kyau na duba halin da wannan yaro yake ciki. Unguwa ce da ke bakin hanyar Gombe zuwa Bauchi, a ƙaramar hukumar Akko, wadda ta bunƙasa bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoban 1996, ta cika da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da iyalansu. Inda ma'aikata suka taru, makarantun kuɗi sukan biyo baya, kuma haka aka yi. Iyayen Tumfure ba mutane ba ne da za a yi wa wa'azin muhimmancin boko. Suna biyan kuɗin makaranta, suna biyan na lasin, suna da burin ganin ɗa ya zama injiniya, 'ya ta zama likita. Duk da haka, akwai wata shawara guda da ake yankewa a madadinsu a makon farko na ajin SS1, sau da yawa ba tare da an zauna da su ba, wadda take taɓa wannan buri fiye da kuɗin lasin na shekara uku. Ita ce shawarar ko yaro zai ɗauki Babban Lissafi, darasin da takardar WAEC da ta NECO ke kira Further Mathematics, ko ba zai ɗauka ba.

Yadda darasin ke faɗuwa daga jeri

Ɗalibin babbar sakandare ba ya wuce darussa tara a jarrabawar fita. A sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2025, biyar daga ciki na dole ne: Turanci, lissafin bai-ɗaya, darasin zama ɗan ƙasa da tarihi, fasahar zamani, da sana'a guda. Ɗan ajin kimiyya zai ɗora Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sun zama takwas. Gurbi ɗaya ya rage, kuma a kansa Babban Lissafi ke kokawa da ilimin noma da labarin ƙasa da zanen fasaha.

A wannan kokawa kusan kullum shi ne a ƙasa, kuma kowa yana da hujjarsa. Mai makaranta yana duba aljihunsa: malamin da zai iya koyar da darasin ba ya samuwa da araha, kuma ba za a ɗauke shi saboda yara biyar ko shida ba. Yana kuma duba allon tallarsa, inda yake son rubuta cewa ɗalibansa duka sun ci, alhali darasi mai wuya yana iya ɓata masa jerin sakamako. Uba yana duba sharuɗɗan jami'a, ya ga kiredit biyar ake nema, ciki har da Turanci da lissafin bai-ɗaya, bai ga sunan Babban Lissafi ba. Yaro kuwa ya ji daga bakin na gaba da shi cewa JAMB ba ta da takardar wannan darasi, kuma gaskiya ne, ba ta da ita. Sai kowa ya zaɓi darasin da ake cin kiredit a cikinsa cikin sauƙi, a rabu lafiya.

Idan aka tsaya a abin da ke rubuce, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Matsalar ita ce gasar shiga kwasa-kwasan da ake rububinsu tana da sharuɗɗan da ba a rubuta ba.

Inda ake biyan bashin

Wuri na farko shi ne ɗakin jarrabawar JAMB kanta. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Manhajar lissafin JAMB ta ƙunshi kalkulas, wato lissafin da ke auna yadda abu yake sauyawa da yadda yake taruwa, da lissafin jadawalin lambobi, da lissafin layi a kan taswira, da lissafin yawan hanyoyin da za a iya jera abubuwa ko zaɓensu. Ɗan ajin lissafin bai-ɗaya yakan haɗu da waɗannan a ƙarshen hanya, a gaggauce, lokacin da hankalin makaranta ya riga ya koma kan bitar WAEC. Ɗan ajin Babban Lissafi ya shekara biyu yana juya su. Ga na farko tambaya ce da zai zauna ya yi tunani, ga na biyu kuwa abin da hannu ya saba ne. Idan aka raba maki 100 a kan tambayoyi 40, kowace ɗaya maki biyu da rabi ce. Tambayoyi biyar kacal sun haura maki 12, kuma duk wanda ya taɓa bin jerin sunayen shiga tsangayar injiniya ya san abin da maki 12 ke yi.

Sakamakon farko na jarrabawar 2025 ya nuna cewa sama da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Wannan lamba tana yaudarar iyaye da yawa. Ita ƙofar harabar jami'a kawai take buɗewa. Ƙofar injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da likitanci a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano tana can sama da nisa, kuma bayan ta akwai tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta. Wasu ma sun fito fili da sharaɗin: Jami'ar Legas ta daɗe tana neman kiredit a Babban Lissafi ga masu son wasu kwasa-kwasanta na injiniyanci da kwamfuta. Yaron da bai ɗauki darasin a SS1 ba, an rufe masa waccan ƙofa shekara uku kafin ya san da ita.

Wuri na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne shekarar farko a jami'a. Ko a Jami'ar Tarayya ta Kashere ne, wadda take ƙaramar hukuma ɗaya da Tumfure, ko Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ɗalibin kimiyya da na injiniyanci zai tarar da aljabara da kalkulas suna jiransa tun zangon farko da na biyu. Malami yana gaban ɗalibai ɗaruruwa, yana da 'yan makonni ya kammala manhaja, ba shi da damar komawa baya don wani. Wanda ya yi Babban Lissafi bita yake yi. Wanda bai yi ba yana koyon cikin wata uku abin da abokin zamansa ya koya cikin shekara biyu, yana kuma fama da Fiziks ɗin da shi ma da wannan lissafi ake yin sa. Makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar yaye shi. Daga nan ake fara rarrabe wanda zai fita da digiri mai daraja da wanda zai fita da kyar, kuma hukumomin bayar da tallafin ƙaro ilimi, irin su asusun PTDF, darajar digiri suke fara dubawa.

Har mai burin likitanci bai tsira ba. Gaskiya ne a JAMB Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks yake rubutawa, babu lissafi. Amma guraben likitanci kaɗan ne, masu nema kuma dubbai, kuma mafi yawansu a ƙarshe wani fannin kimiyya ake tura su, inda lissafin da suka yi wa sallama yake tarbarsu a bakin ƙofa.

Abin da kason gurabe ba ya iya yi

Akwai masu kwantar da hankalinsu da cewa tsarin rabon gurabe yana kare ɗan Gombe. A jami'o'in tarayya ana ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, kuma Gombe tana cikin wannan jeri. Tsarin yana da hujja mai ƙarfi, domin tazarar da tarihi ya haifar tsakanin sassan ƙasar nan ba ƙarya ba ce. Sai dai kaso mafi girma, wato na cancanta, maki kawai ya sani. Kashi 20 ɗin kuwa jihohi da dama ne ke rabawa a tsakaninsu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin kason gurabe yana ƙarewa ranar da aka ba yaro takardar shiga. Babu malamin da ke duba jihar ɗalibi kafin ya ba shi maki, babu gadar da za ta tsaya saboda injiniyanta ya fito daga jihar da aka yi wa rangwame.

Ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin ƙarshen wannan labari. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi daidaiton wakilci a ayyukan gwamnati, kuma akwai hukumar da ke sa ido a kai. Amma tanadin yana amfanar jihar da take da mutanen da suka cika sharaɗi ne a ranar da aka buɗe gurbi. Injiniyan lantarki ko masanin kwamfutar da Gombe za ta gabatar nan da shekara goma, yau yana SS1, yana riƙe da takardar zaɓen darussa.

Kada a mayar da shi dole tukuna

Mai karatu zai iya cewa maganin a bayyane yake: jami'o'i su sa Babban Lissafi cikin sharuɗɗan injiniyanci da kwamfuta, makarantu za su bi dole. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan aka yi haka a yau, makarantun masu hali a Abuja da Legas da Kaduna ba za su ji komai ba, domin sun riga sun tanadi malamai. Wanda za a kora daga layi shi ne ɗan makarantar gwamnati a Kumo da Dukku da Nafada, da ɗan ƙaramar makarantar kuɗi a Tumfure, wanda laifinsa kawai shi ne ba a koyar da darasin a inda yake. Bai dace a hukunta yaro a kan abin da ba a ba shi ba.

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga wannan matsala sun bar darasi. A Amurka manyan jami'o'in da ake rububinsu suna kallon kalkulas a takardar ɗalibi a matsayin alamar ƙwazo, alhali kusan rabin makarantun sakandaren ƙasar ba sa koyar da shi. A 2023 jami'ar Caltech, ɗaya daga cikin mafiya tsauri a fannin kimiyya, ta yarda ɗalibin da makarantarsa ba ta da darasin ya koya ta intanet, ya ci jarrabawar tabbatarwa, a karɓa. Ba ta sassauta abin da take son ɗalibi ya sani ba, hanyar nuna sanin ta faɗaɗa. A Ingila kuwa, lokacin da aka ga masu ɗaukar Babban Lissafi suna raguwa saboda ƙananan makarantu ba sa iya buɗe aji don yara kaɗan, gwamnati ta ɗauki nauyin wani shiri tun daga 2005 wanda ya kafa cibiyoyi da malaman da makarantu da yawa ke tarayya a kansu. Cikin shekara goma adadin masu zama jarrabawar ya ninka fiye da sau biyu.

Ba sai an ƙetare teku ba ma. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta tace yara masu hazaƙa, ta tara musu malamai da kayan aiki a wuri guda. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu sun cika asibitoci da jami'o'i da ma'aikatun Arewa. Dabarar ɗaya ce da ta Ingila: idan malami ya yi ƙaranci, a tara yara inda yake.

Abin da za a iya yi

Tumfure ta dace da wannan dabara, domin makarantunta suna kusa da juna. Makaranta ɗaya ba za ta iya riƙe malami don yara shida ba, amma makarantu shida suna iya haɗa yara talatin a aji guda, ranar Asabar ko da yamma, su raba kuɗin malami. Abin da ake buƙata daga Ma'aikatar Ilimi ta jiha shi ne amincewa da tsarin, domin darasin ya shiga rajistar jarrabawar yaro a makarantarsa. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2019, kuma wannan gyara ne da ba ya buƙatar sabon gini. Malaman ma ba su yi nisa ba: Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha tana cikin Gombe, haka nan sashen lissafi na jami'ar jiha. Kwalejojin tarayya na Billiri da Bajoga, da Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Gombe, suna iya zama cibiyoyin darussan hutu ga makarantun da ke kewaye da su.

Sauran aikin yana teburin Abuja. Babbar sakandare ta daɗe a matsayin marainiya tsakanin hukumomi: UBEC tana tsayawa a JSS3, TETFund kuma daga manyan makarantu take farawa. Don cike wannan giɓi aka kafa Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta Ƙasa, kuma babu aikin da ya fi dacewa da ita kamar ta tsayar da ƙa'idar cewa duk makarantar da ke da ajin kimiyya ta nuna hanyar da ɗalibinta zai samu Babban Lissafi, a cikinta ko a cibiyar haɗin gwiwa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali, tana da ƙwarewar horar da malamai, kuma ya kamata a ga sawunta a Arewa maso Gabas a kai a kai.

Akwai kuma abu biyu da ba su da tsada. Na farko, WAEC da NECO su riƙa wallafa adadin waɗanda suka yi rajistar Babban Lissafi jiha-jiha, maza da mata, kowace shekara. Alƙaluman suna hannunsu. Ranar da kwamishina ya ga lambar jiharsa kusa da ta maƙwabta, ba zai buƙaci wani ya tuna masa ba. Na biyu, a duba inda ake tura masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta lissafi da injiniyanci. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ya san yadda ake neman alfarmar a sauya wa matashi wurin hidima daga makaranta zuwa ofis, inda zai shekara yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. Kowace irin wannan alfarma aji guda ne aka bari babu malami. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. Ƙarin shekarun ritaya ya zama doka a 2022. Matuƙar aljihun malamin lissafi bai ji sauyi ba, banki da kamfanin sadarwa za su ci gaba da ɗauke shi daga aji.

Masu cewa a fara gyara tushe, tunda yara da yawa suna isa sakandare ba su iya raba lamba ba, suna da gaskiya. Amma gyaran tushe aikin shekaru ne, yaron da ya shirya kuwa shekara uku kawai yake da ita. Ba kowane ɗalibi ne ke buƙatar Babban Lissafi ba, kuma tilasta wa wanda bai iya na bai-ɗaya ba zalunci ne. Abin da ake nema shi ne duk yaron da zai iya, namiji ko mace, ya samu zaɓin a gabansa. 'Yan mata sun fi shiga haɗarin a yanke musu hukunci ba a tambaye su ba, domin akwai masu ɗaukar cewa tunda likitanci ko aikin jinya za a nema musu, lissafi mai zurfi ɓata lokaci ne.

Kada kuma wani ya ce abin baƙo ne a wannan yanki. A ƙarni na 18 Muhammadu bin Muhammadu al-Katsinawi ya yi rubutu da Larabci a kan jadawalin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malaman zaure sun daɗe suna warware lissafin rabon gado mai sarƙaƙiya. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, masanin lissafi ne da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da yake hannun uba da uwa. Ma'aikacin da ke Abuja, iyalinsa suna Tumfure, yakan tambayi kuɗin makaranta da na mota da na littattafai. Ya ƙara da tambayoyi uku kafin ya biya: ana koyar da Babban Lissafi a nan, wane ne malamin, kuma ɗalibai nawa aka yi wa rajistarsa a bara? Mai makarantar da ya ji wannan tambaya daga iyaye goma a zango ɗaya zai nemo malami, domin kasuwa yake yi. Lokacin yin tambayar shi ne ƙarshen JSS3, kafin a cike takardar zaɓen darussa. Wanda ya bari sai an fara sayar da fom ɗin JAMB, ya tashi fafe gora ranar tafiya.